Ba Sai An Zazzage Buhu Ba

Ofishinmu shago biyu ne a kusa da Ƙofar Ƙaura cikin birnin Katsina. Mu huɗu ne na dindindin, sai matasa maza da mata da muke ɗauka idan aiki ya samu. Sana'armu ita ce mu tambayi mutane kaɗan, mu faɗi abin da ake ciki game da mutane masu yawa. Masu kawo mana aiki 'yan kasuwa ne da ƙungiyoyin lafiya da na noma, wani lokaci da ɗalibai masu bincike.

Digiri na yi a fannin ƙididdiga, amma tushen aikin a wajen mahaifina na fara ganinsa. Hatsi yake saye a kasuwannin ƙauye. Idan aka jera masa buhunan gero, ba ya cewa a zazzage. Wani ƙarfe mai rami yake sokawa, ya tara tafin hannu, ya duba, ya jefa ƙwaya biyu a baki. Abin da na daɗe ban gane ba shi ne dalilin da ya sa yake soka sama, ya soka tsakiya, ya duƙa ya soka gindi, kuma ba ya yarda mai kaya ya nuna masa buhun da zai soka. Ashe mai algus a baki yake zuba mai kyau.

Wannan darasin na manta a aikina na farko. Wani Alhaji ne yake son buɗe wurin sayar da gas na girki, yana son sanin ko akwai masu saye a yankin da ya zaɓa. Na tura yara, su kuma suka bi gidajen bakin kwalta, don can ne babur yake shiga ba wahala. Sakamako ya fito da kyau ƙwarai. Kafin in miƙa rahoto na zaga da ƙafa cikin lunguna, na tarar da murhu da gawayi kusan ko'ina. Bakin buhu kawai muka soka. Da kuɗin aljihuna muka sake aikin, kuma har yau idan na tuna saura ƙiris in sa bawan Allah ya narka dukiyarsa a kan bayanin da bai inganta ba, sai gabana ya faɗi.

Tun daga ranar ba mai zaɓen gida da son ransa. Mukan fara da gaida mai unguwa mu yi masa bayani. Sai a bi a rubuta gidajen unguwar kaf, a ba kowane lamba, kwamfuta ta fitar da ƙuri'a. Wasu suna ganin kamar kan mai uwa da wabi ne. Ko kusa. Ƙuri'ar ce take ba gidan bakin titi da gidan ƙarshen lungu dama iri ɗaya. In ta faɗa kan gidan da ba a samu kowa ba, sai an koma har sau uku, ba a maye gurbinsa da maƙwabci don shi yana zaune a ƙofar gida. Wanda ake samu a gida da hantsi da wanda ya fita nema tun asuba ba rayuwarsu ɗaya ba. Gidajen da aka rubuta “ba shiga” kuwa mata ne suke shiga, domin in ka tsaya a zaure ka tambayi maigida nawa ake kashewa a itace, amsarsa daban, ta uwargida daban. Amsoshin a waya ake cikewa da manhajar KoboToolbox, da dare in zauna in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Inda muka fi shan gardama da masu ba da aiki shi ne adadi. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 5.8 da 'yan kai, yanzu kuwa an haura haka nesa. Wani ya taɓa ce mini, “Malam, gida 400 me za su gaya mini a wannan taron jama'a?” Na ce, “Ranka ya daɗe, in an zaɓe su da ƙuri'a tsantsa, kuma a ce 60 cikin 100 suka ce e, gaskiyar tana tsakanin 55 da 65. Hanyar da muke bi tana dacewa sau 95 cikin 100.” Ya ce shi lamba ɗaya yake so. Na ce lamba ɗaya sai wanda ya ƙidaya kowa. In yana son tazarar ta ragu da rabi, sai a ninka gidajen sau huɗu su koma 1,600, kuɗin ma ya ƙaru. Idan kuma unguwa-unguwa aka ɗebo gidajen, tazarar takan ɗan buɗe, don maƙwabta sukan yi kama da juna.

Yawa ma ba ya gyara mugun zaɓe. A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936, mujallar Literary Digest ta tara amsoshi sama da miliyan biyu ta ce ɗan takara Landon zai ci. Abokin hamayyarsa Roosevelt ya lashe da gagarumin rinjaye. George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a da ya tambayi mutane kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta, shi ya hango daidai. Nakan ba sababbin ma'aikata wannan labarin ranar farko ta horo.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya yanzu shi ne tsaro. Ƙananan hukumomi 34 ne a jihar, amma akwai ƙauyukan da ba zan tura ɗan wani ba, musamman ta yamma wajen daji. Idan ba mu je ba, a shafin farko nake rubutawa cewa sakamakon bai shafe su ba. An taɓa roƙona in cire wannan layin a rubuta “Jihar Katsina” kawai, don rahoton ya fi kwarjini. Na ƙi, kuma ba su sake kawo mini aiki ba. Mutanen waɗannan ƙauyuka su ne suka fi kowa buƙatar a san halin da suke ciki, ba zan sa sunansu a kan amsar da ba su bayar ba.