Hutun Jirgin Ruwa da Ƙananan Yara: Autan Gida Ne Ke Zaɓar Jirgi

Iyaye da yawa da hoto suke fara shirin hutun jirgin ruwa: katafaren jirgi mai hawa goma sha biyar, wurin ninkaya a can samansa, ga talla na cewa yara ba sa biya. A zuba kuɗi, sai daga baya a gano cewa ɗan autan ba za a bar shi ya tsoma ko ƙafa a ruwan ba, masu kula da yara ma ba za su karɓe shi ba. Shirin da ke ɗorewa daga kan ƙaramin cikin yaran yake farawa. Wata nawa zai cika ranar hawa jirgi? Ya rabu da famfas ko da saura? Amsar tambayoyin nan biyu ita ce za ta zaɓa muku kamfani, ta zaɓi ɗaki, ta zaɓi hanya. Misalin da zan riƙe shi ne zagayen kwana bakwai na yammacin Bahar Rum, wanda kan tashi daga Basalona ko Genoa, ya bi ta Marseille, Civitavecchia, Naples ko Palermo, wani lokacin har Valletta ko Tunis.

Manyan kamfanoni irin su Royal Caribbean, Disney da Carnival ba sa ɗaukar jaririn da bai cika wata 6 ba a ranar tashi. Idan tafiyar ta ƙetare tekun Atlantika ce, sai ya cika shekara guda. Mai juna biyu kuma ba a ɗaukarta idan cikin zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar. Dalilin ɗaya ne: asibitin jirgi ƙaramin ɗakin shan magani ne, ba shi da kayan riƙe bakwaini ko jaririn da numfashi ya yi wa wuya, kuma gaɓar teku na iya yin nisan sa'o'i. Tunda ana sayen tikiti wata shida ko fiye kafin tafiya, a lissafa wannan tun farko.

Maganar famfas ce ta fi cinye mutane. Ruwan wurin ninkayar jirgi kaɗan ne, jama'a kuwa dubbai, kashin yaro ɗaya ya isa a rufe wurin a zubar da ruwan gaba ɗaya. Shi ya sa yaron da bai iya zuwa bayi da kansa ba ba ya shiga, ko da an sa masa famfas na ninkaya. Wasu jiragen Royal Caribbean da na Disney suna da ɗan filin fesa ruwa na jarirai mai matatarsa daban, amma ba kowane jirgin kamfanin ke da shi ba. Ku tambaya da sunan jirgin, kada ku tsaya ga sunan kamfani. Haka zancen yake a zauren wasan yara. A Royal Caribbean sai yaro ya cika shekara 3 kuma ya yaye famfas kwata-kwata kafin a karɓe shi kyauta. Wanda bai kai ba, daga wata 6 zuwa 36, ɗakin reno ake kai shi, kuma wannan biya ake yi kowace awa, gurbin ma kaɗan ne, ranar farko ake rububinsa. Carnival tana karɓa daga shekara 2. Tambayar da ya kamata ku aika a rubuce ita ce: za mu iya barin yaron mu tafi, ko sai ɗayanmu ya zauna da shi? Akwai jiragen da ke tallar ɗakin jarirai alhali ɗakin wasa ne kawai, uwa na zaune a gefe. A ganina, idan autanku yana da shekara biyu da rabi kuma ana kan koya masa fo, jinkirta tafiyar da wata shida ya fi kowane rangwame daraja.

Sai biza, wadda ya kamata a san matsayinta kafin a biya kuɗin da ba a mayarwa. Mai fasfon Najeriya, Nijar ko Ghana yana buƙatar bizar Shengen, wato biza ɗaya da ƙasashen Turai da dama ke amfani da ita tare, don Sifaniya, Faransa, Italiya da Malta. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ƙasa da 6 kuma kyauta, ban da ladan ofishin da ke karɓar takardu. Ana iya nema tun saura wata shida, kuma dole a haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ga inda ake faɗawa rami: idan jirgin zai tsaya a Tunis ko wata tashar Turkiyya, kun fita daga yankin Shengen ke nan, komawa kuma shiga ta biyu ce. Bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi ba, ko da ba ku da niyyar sauka a can, kuma ita ƙasar tana da nata sharaɗin. Ma'aikatan tashar jirgi suna duba wannan, wanda takardunsa ba su cika ba a nan ake barin sa, kuɗinsa kuma ya tafi. Hanya mafi sauƙi ga iyali ita ce zaɓen zagayen da duk tashoshinsa na cikin Shengen. Fasfon kowa ya kasance da sauran wata shida bayan dawowa. Idan uwa ko uba ɗaya ne zai tafi da yaran, a riƙe takardar amincewar ɗayan mai hatimin hukuma, tare da takardun haihuwa.

Ɗakin jirgi ƙarami ne, wanda ba shi da taga bai cika wuce murabba'in mita 16 ba. Yawancinsu mutum huɗu suke ɗauka, kuma jariri ma mutum ɗaya ake ƙirga shi, domin da gurbin kwale-kwalen ceto ake lissafi. Iyali mai yara uku ko huɗu, wanda a wurinmu ba wani abin mamaki ba ne, sai dai ya kama ɗakuna biyu masu ƙofa a tsakani, a rubuta babba ɗaya a kowanne. Ku tabbatar an ce muku akwai ƙofar ciki, don maƙwabtaka kawai ba ta wadatar da dare. Irin waɗannan ɗakuna su ne ke fara ƙarewa. A ɗaki mai mutum huɗu, gadon na uku da na huɗu sau da yawa daga rufi ko bango ake sauko da su, kuma ba a kwantar da yaro ɗan ƙasa da shekara 6 a can sama. Nemi mai kujerar da ke buɗewa ta zama gado. Gadon jariri kyauta ne amma sai an nema tun wajen sayen tikiti. Ku zaɓi tsakiyar jirgi, hawa na ƙasa-ƙasa, can ne tangaɗi ya fi sauƙi, kuma ku duba taswira kada samanku ya zama wurin ninkaya ko gidan rawa, inda ake jan kujeru da asuba ko kiɗa har tsakar dare. Baranda tana da daɗi lokacin da yaro ke barcin rana, iyaye su samu wurin zama. Shingenta ya ɗan haura mita guda, ya fi ƙarfin yaro, amma yaro da kujera ya fi ƙarfin shinge. A janye kujera da tebur daga bakinsa, ƙofa kuma ta zauna a kulle.

Banɗakin shawa ce kawai a mafi yawan jirage, ban da na Disney da ke da baho, don haka ɗan bahon roba mai hurawa yana da amfani. Ku tafi da buta, ba za ku samu a can ba. Masan jirgi da iska yake zuƙa ta siririn bututu, tsumman goge jariri guda ɗaya na iya toshe layin ɗakuna da dama, don haka komai ban da takardar bayi kwandon shara za a jefa. Soket ɗin ɗaki na Amurka ne da na Turai, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga sai da adafta. Dutsen guga, butar lantarki da doguwar waya mai kariyar wuta duk ƙwace su ake yi a ƙofa saboda tsoron gobara.

Famfas ku lissafa bakwai a rana, ku haɗa da kwanakin jirgin sama, wato kamar 70 zuwa 80 ga yaro ɗaya. Kantin jirgi ko dai babu, ko babu lambar da kuke so. Madarar gwangwani ma ku ɗauki wadda ya saba, har da rara. Ku isa garin da jirgi zai tashi kwana ɗaya kafin ranar, domin jirgin ruwa ba ya jiran jirgin sama, akwatin da ya maƙale a hanya kuma yana buƙatar wannan daren ya iso. A tasha za a karɓi manyan akwatuna, ba za ku sake ganin su ba sai yamma, wani lokacin bayan magariba. Jakar hannu ta ƙunshi fasfo, magunguna, famfas goma, fida, kayan canji biyu da kayan barci.

Kafin jirgi ya tashi akwai atisayen ceto, kuma wajibi ne. An tsaurara dokarsa bayan hatsarin jirgin ruwan Costa Concordia a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya ranar 13 ga Janairun 2012, inda mutum 32 suka rasu, wasu fasinjojin ba a ma nuna musu wurin taruwa ba tukuna. Alamar gaggawa busa ce gajera sau bakwai da doguwa ɗaya. Za a ɗaura wa yara abin hannu mai lambar wurin taruwarku, kada a cire shi har a sauka. Idan abu ya faru suna zauren wasa, ma'aikata ne za su kawo muku su wurin taruwa, iyaye ba sa bin bene suna nema. Ku sa mai gyaran ɗaki ya kawo rigar ceto daidai jikin kowane yaro, har jariri.

Abincin dare zama biyu ne, na farko wajen ƙarfe shida, na biyu wajen takwas da rabi ko tara. Ku nemi na farko tun wajen sayen tikiti. Naman halal sai an rubuta buƙatarsa makonni kafin tafiya, kuma ba kowane jirgi ke kawowa ba. In babu, kifi, ƙwai, shinkafa, taliya da ganye sun wadatar. A daren farko ku gaya wa shugaban masu hidima ba alade, ba giya ko a miya ko a kayan zaƙi, zai riƙa kawo muku jerin abincin gobe ku zaɓa. Alƙibla kuwa tana sauyawa da juyawar jirgi, kuma ƙarfen jirgin yana rikita kamfas ɗin waya. Tashar talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgi ya dosa ta fi abin dogaro.

Ciwon da ya fi yawo a jirgi shi ne amai da gudawa na ƙwayar norobairos. Man goge hannu ba ya kashe ta sosai, sai sabulu da ruwa na daƙiƙa 20, kafin kowane ci da bayan kowane canjin famfas. Ku riƙe ledojin ruwan gishiri da sukari, farasitamol na ruwa da ma'aunin zafi. Yaron da ya kamu za a killace shi a ɗaki, kuma ɓoyewa cutar da 'ya'yan wasu ne. Maganin jirin teku kada a bai wa yaro sai da izinin likitansa, wasu ba a ba ɗan ƙasa da shekara 2. Tsakanin Marseille da Basalona iska kan tayar da teku, daren nan a ci abinci mara maiƙo a kwanta da wuri. Abu biyu sun shafe mu musamman. Sauron da ya ciji yaro a gida mako guda ko biyu kafin tafiya na iya fito da zazzaɓi a tsakiyar teku, likitan jirgi kuma ba lallai tunaninsa ya je kan maleriya ba, don haka ku faɗa masa daga inda kuka fito, ku kuma nemi shawarar likitanku kan tafiya da abin gwaji da magani. Yaro mai sikila kuma ruwan sanyi da ƙishirwa suna tayar masa da ciwo, dole a bayyana wa kamfanin inshora tun farko, in ba haka ba za su ƙi biya. Asibitin jirgi kuɗi ne, masu yawa.

A tashoshi kada ku yi kwaɗayin ganin komai. Daga Civitavecchia zuwa birnin Rum kusan kilomita 80 ne, fiye da awa guda a jirgin ƙasa, ga dogayen layuka, ga zafin Yuli da Agusta, lokacin da dogon hutun makaranta ke faɗowa. Da yaro ɗan shekara biyu, wannan rana ce ta zama a jirgi, lokacin da jama'a suka watse. Genoa ta fi dacewa, gidan kifayenta na tsohuwar tasha ana zuwa da ƙafa. A Valletta akwai lif na Barrakka da ke ɗaga mutum daga bakin ruwa zuwa cikin gari. Inda jirgi ke tsayawa nesa a kwaso mutane da ƙananan kwale-kwale, kamar Cannes, zanin goyo ya fi keken tura yaro amfani nesa ba kusa ba. Ana rufe ƙofa minti 30 kafin tashi, da agogon jirgi ake aiki, ku kuma ku sa wa kanku dawowa da saura awa biyu.

Farashin talla bai ƙunshi tukwicin ma'aikata ba, wanda a kamfanonin Amurka yake kai dala 16 zuwa 20 kan kowane mutum a kowace rana, sau da yawa har da yara. Ko inda aka ce yara kyauta, harajin tasha yana nan. Lemo, ruwan gora, intanet da wanki yawanci kuɗinsu daban ne. Waya ta zauna a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, domin layin teku ta tauraron ɗan'adam yake bi. Katin naira yana iya ƙin aiki, ku tanadi na dala ko tsabar kuɗin da za a ajiye a teburin karɓar baƙi, ku kuma sa a toshe sayayya a katin ɗakin yara.

Daren ƙarshe ana fitar da akwatuna bakin ƙofa kafin a kwanta, sai a tasha za ku same su. Ku ware kayan safe na kowa, takalma, famfas da madarar yini guda. Ana barin ɗaki wajen ƙarfe takwas, sauka kuma rukuni-rukuni ce, don haka kada ku sayi tikitin jirgin saman da zai tashi kafin azahar.