Abin da karnen majiyyata ya koya mini game da HIV

Ba kasafai mai ɗauke da ƙwayar cutar HIV ke shigowa asibiti ya ce a gwada shi ba. Abin da ke kawo shi gudawa ce da ta ƙi tsayawa, ko tari, ko ƙuraje, ko zazzaɓin da ya sha maganin maleriya a kansa har ya gaji. Tun da na fara aikin jinya a nan Ngaundere ta ƙasar Kamaru, wannan ne babban darasin da na samu, kuma a cikin karne na same shi, ɗan littafin nan da majiyyaci ke riƙe da shi, inda kowane ma'aikacin lafiya ke rubuta abin da ya gani da maganin da ya bayar. Wanda ya duba shafin ƙarshe kaɗai, ciwo ɗaya zai gani. Sai an koma shafin farko an biyo a hankali ake ganin cewa jikin nan ya daɗe yana kokawa.

A makaranta an koya mana matakai 4 na cutar HIV da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta tsara. A na farko babu alama, sai dai wani lokaci kaluluwa a wuya ko hammata da ta ƙi sauka. Na huɗu shi ne Sida, ƙanjamau, wanda kowa ke tsoro. Jama'a sun san waɗannan biyun, amma na tsakiya, na biyu da na uku, su ne aka fi jahilta, alhali a nan ne mutane suka fi zuwa hannunmu. In ba a shan magani, ƙwayar kan ɗauki kimanin shekara 8 zuwa 10 tana cin ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4. Lafiyayyen mutum yana da tsakanin 500 da 1,500 a kowace mikrolita ta jini, in suka sauka ƙasa da 200 an shiga Sida. Tun kafin a kai nan jiki ke fara nunawa.

Alamun mataki na biyu ba sa tayar da hankali, shi ya sa ake wuce su. Ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi a hannu da ƙafa, a ce sauro ne ko sabulu. Tsagewar gefen baki, a ɗora wa hunturu. Ciwon maƙogwaro da na kunne da ke tafiya suna dawowa, gyambon baki, farcen da ya yi kauri ya canja launi. Wanda ya fi sa ni tsayawa shi ne zona, ƙurajen nan masu ruwa da raɗaɗi da ke fitowa a gefe ɗaya na jiki, galibi a haƙarƙari. Ƙwayar ƙarambau ce da ta kwanta tun yarinta take farkawa in garkuwa ta yi rauni. Ga tsoho ba abin mamaki ba ne, amma saurayi ko matar da ba ta wuce talatin ba in ta zo da shi, ba na barin ta tafi da man shafawa kawai. Da yawa ma ba sa kawo shi asibiti da wuri, saboda a gida an riga an ce jifa ne.

Mataki na uku ya fi nauyi. Gudawa ko zazzaɓi fiye da wata guda ba tare da an gano dalili ba, tarin fuka na huhu, ƙarancin jini, da farin abin nan da ke manne wa harshe da cikin kumatu kamar kindirmo. Sai rama da ta haura kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki, wato mai kilo 60 ya zubar da fiye da 6. Nan na gane darajar sikeli. Babbar riga tana ɓoye rama, mutum kuma zai ce maka wahalar hanya ce, amma in an rubuta nauyinsa a karne watanni shida baya, babu gardama. Ina roƙon abokan aiki su riƙa rubuta nauyi ko da ciwon kai ne ya kawo mutum.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce. Mai ciwon sukari ma yana samun farin harshe, kuma akwai masu tarin fuka da yawa da ba su da HIV. Gwajin jini ne kaɗai ke raba gardama, minti kaɗan ne sakamako ya fito, in ya nuna akwai ƙwayar a yi ƙarin gwaji a tabbatar. Ba daidai ba ne a kalli ramammen mutum a unguwa a yanke masa hukunci da ido.

Garinmu mashiga ce. A nan layin jirgin ƙasa daga Yawunde ya ƙare, a nan ake loda kaya a manyan motoci zuwa Garwa, Marwa, Kusseri har Injamena. Direba ko yaron mota zai yi maganin gudawa a Garwa, na tari a Kusseri, ya sayi na zazzaɓi wajen mai tallan magani a tasha, wani lokaci kowane asibiti da sabon karne. In karnen sabo ne, ni ke gina tarihin da tambaya: tun yaushe, sau nawa a bana, wandon nan da can haka yake maka?

Yadda ake furta maganar ma sai da na koya. Ba a yin ta gaban ɗan rakiya, ko da uwar miji ce ko ƙani. Nakan ce, "Alhaji, ciwon nan ya cika dawowa, ina so mu duba ƙarfin jininka, har da gwajin HIV, kamar yadda muke yi wa duk mai irin wannan." Sau da yawa sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Likita, ni ma abin ya daɗe a raina." Mutane da dama sun riga sun yi zargi, tsoro ne ya hana su tambaya.

Abin da ke sa ni dagewa shi ne wannan matakin yana juyuwa. Tun watan Mayun 2007 maganin rage kaifin cutar kyauta ne a Kamaru. Da can sai CD4 ya faɗi ake farawa, amma a 2015 WHO ta ce a ba duk wanda aka samu da ƙwayar, Kamaru kuma ta bi a 2016. Yau yawanci ƙwaya ɗaya ce a rana, haɗin tenofovir, lamivudine da dolutegravir, ga Bactrim da ke kare mutum daga wasu cututtukan huhu da na ciki. Sai dai wanda ya kai mataki na uku ba a miƙa masa kwalba kawai a sallame shi. Ana tambayar tari, zazzaɓi, zufar dare da rama, domin tarin fuka ne ya fi kashe masu HIV. In an same shi, maganinsa ake fara sha, na HIV ya biyo baya cikin makonni biyu. Mai matsanancin ciwon kai kuma sai an bincika sanƙarau tukuna. Ina kuma gaya musu tun farko cewa a makonnin farko wasu kan ji kamar ciwon ya ƙaru yayin da garkuwa ke farfaɗowa, su dawo a duba su, kada su ajiye maganin.

Cikin watanni kaɗan harshe ya washe, gudawa ta tsaya, jiki ya fara cika. A nan ne wasu ke cewa sun warke su daina zuwa, kuma su ne ke dawo mana bayan shekara ɗaya ko biyu da alamun da suka fi na da. Don haka direbobi muna ƙoƙarin ba su maganin watanni da yawa a tafi ɗaya, masu azumi kuma mu mayar musu da lokacin sha zuwa dare. Bayan wata shida ana auna yawan ƙwayar a jini, kuma wanda tasa ta yi ƙasa har na'ura ba ta ganinta ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya. Da wannan bayanin nake buɗe maganar iyali, domin wanda ya zo da zona ko farin harshe ya yi shekaru da ƙwayar, kuma mai yiwuwa a gida akwai mata ɗaya ko biyu, da yaron da ke shan nono, waɗanda ba su nuna komai ba tukuna. Su ma muna neman a kawo su a gwada.