Tara da biyu: zanen da na haddace ban gane ba

A aji biyu na jami'a babu zanen da na iya kamar na cikin siliya. Ko daga barci aka tashe ni zan zana shi: da'ira, tagwayen bututu tara a kewaye, tilo biyu a tsakiya. Tara da biyu. Mun haddace shi kamar karatun allo. Siliya su ne 'yan gashin nan gajeru masu yawa da ke jikin wasu ƙwayoyin halitta, filajela kuwa doguwar jela ce irin ta ƙwayar maniyyi, amma in ka datsa su, cikinsu ɗaya ne.

Ranar gwaji sai tambaya ta zo a karkace: me zai faru idan aka tsinke zaren neksin kaɗai, wato maɗaurin da ke haɗa tagwayen bututun da juna, sannan aka zuba ATP, sinadarin da ke ba ƙwayar halitta kuzari? Na zana tara da biyuna tsaf, har da fensir mai launi, na sa wa kowane sashe sunansa. Biyu bisa goma na samu. A ƙasan takardar an rubuta da jan biro: "Zane ya yi kyau. Ina amsar?"

Na ji haushi ƙwarai. Washegari muna da aiki a ɗakin gwaje-gwaje, an ce kowa ya zo da ruwan kududdufi. Na ɗebo nawa a kududdufin bayan layinmu a cikin gari, kore shar, na rungumo robar a adaidaita sahu har Kabuga, wata baiwar Allah na ta toshe hanci tana harara ta. Na ɗiga ɗigo ɗaya a gilashi, na leƙa madubin likita, sai ga faramesiyam, wata 'yar halittar ruwa mai ƙwaya ɗaya da siliya ta lulluɓe jikinta, siffarsa kamar tafin silifas, yana tafe yana wulwulawa. Ya ci karo da wani datti, ya ja da baya, ya sake hanya. Gefen jikinsa yana ta ƙyalƙyali saboda saurin kaɗawar gashin.

Malamar da ke kula da ɗakin dattijuwa ce, ta kusa ritaya. Na miƙa mata takardata.

"Malama, ni fa zanena daidai ne."

"Daidai ne mana, ɗan nan. Gawa ka zana. Ɗauko mini tsintsiyar can."

Ta zaro tsinke biyu, ta jera su a tebur, ta tura ɗaya. Ya zame ya wuce ɗan'uwansa, dukansu a miƙe. Sai ta ɗaure su da zare, ta ce in damƙe gindinsu da kyau, ta sake tura ɗayan. Wannan karon babu wurin zamewa, sai duka biyun suka lanƙwashe.

Shi ke nan sirrin. Bututun nan ba sa ƙanƙancewa, tsawonsu yana nan yadda yake. A jikin kowane tagwaye akwai 'yan hannuwa na wani furotin da ake kira dainin. Hannun ya kama tagwayen da ke maƙwabtaka da shi, ya ƙona ATP, ya tura, ya saki, ya sake kamawa. Ai da a sake suke, da sai su zame. Amma gindinsu a kafe yake a jikin ƙwayar, neksin kuma ya ɗaure tsakaninsu, don haka turin ya koma lanƙwasa. Amsar tambayar ma an daɗe da ganinta da ido. A 1971 Ian Gibbons, wanda ya gano dainin, shi da Keith Summers suka ɗauki jelar maniyyin wata halittar teku mai ƙaya kamar bushiya, suka sa sinadarin da ya narkar da maɗaurin, suka zuba ATP. Bututun suka dinga zamewa suna fita, babu lanƙwasa.

Na ce na gane, zan tafi, ta riƙe ni. "To in duk hannuwan suka yi turi lokaci guda fa?" Na yi shiru. Ta ce, "Ba a daka a gidanku?" Nan na tuna da yayyena mata suna lugude a turmi ɗaya: taɓarya ɗaya na sauka, ɗaya na tashi. Haka abin yake. Idan dainin na ɓangare ɗaya yana aiki, na ɗaya ɓangaren sai ya sassauta, sannan su yi musaya. In suka ja tare, jelar sandarewa za ta yi. Biyun tsakiyar nan da na ɗauka ado ne, da 'yan sandunan da ke miƙowa gare su kamar wayoyin ƙafar keke, suna cikin masu tsara wannan karɓa-karɓa. Ja da bayan da na ga faramesiyam ya yi kuwa, sinadarin kalsiyam ne ke kwarara cikin gashin idan ya bugi abu, sai kaɗawar ta juya.

Tun daga ranar hunturun Kano ya sauya mini fuska. Ƙurar da muke shaƙa tana maƙalewa a majinar da ta shafe maƙogwaro da bututun huhu, a ƙarƙashinta kuma kowace ƙwaya tana da siliya wajen 200, suna kaɗawa fiye da sau 10 a daƙiƙa ɗaya, suna turo dattin sama mu haɗiye ko mu tofar. Hayaƙin taba yana kassara su, shi ya sa mashayi ke wayar gari da tari. Ƙwayar sammore da ƙudan tsando ke sa wa shanu, ita ma da irin wannan jelar take iyo cikin jini. Amma jelar bakteriya daban ce, suna ne kawai ya zo ɗaya: ita juyawa take kamar farfela, babu tara da biyu a cikinta. A nan ɗalibai da yawa ke zubar da maki.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne binciken Björn Afzelius, ɗan ƙasar Suwidin, na 1976. Ya duba wasu maza da maniyyinsu ba ya motsi, masu fama da mura da ciwon ƙirji tun suna yara, wasunsu ma zuciyarsu a dama take. Tara da biyunsu cif, kamar yadda na zana. Hannuwan dainin ne babu. Ciwo ne da ba kasafai ake samunsa ba, amma na kan tuna da shi duk lokacin da na ji ana ɗora wa mace laifin rashin haihuwa ba tare da mijin ya taka asibiti ba.

Yanzu ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare ta bayan gari. Ranar darasin siliya ba na fara taɓa allo. Maigadin makarantar ya riga ya saba, da ya hango ni na nufo ɗakinsa sai ya ce, "Malam, yau ma tsintsiyar ce? Don Allah biyu kawai za ka zara, ta fara ƙarewa."