Kumbon da aka ce zai riƙa jigila zuwa sama kamar motar haya

A 1972 ne Shugaban Amurka Nixon ya sa hannu hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasar, NASA, ta ƙera kumbon Space Shuttle, kuma alƙawarin da aka yi wa mutane lokacin babba ne fa. Kumbon Apollo da ya kai mutane wata sau ɗaya ake hawa a yar, toh wannan wai zai je ya dawo a ɗan duba shi ya sake tashi, har ana lissafin sawu kusan 50 a shekara, kuɗin zuwa sama ya faɗi warwas.

Na farko, Columbia, ya tashi ran 12 ga Afrilu 1981 da John Young da Robert Crippen, shekara 20 cif da tafiyar Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya. Abun kallo ne gaskiya, ya tashi a tsaye manne da ƙaton tankin mai da rokoki biyu a gefe, rokokin su faɗo teku da lema a je a jawo su, tankin kuma ya ƙone a hanya, shi kuma in ya gama aiki ya dawo ya sauka a titin jirgi ba inji, in direba ya kuskure titin shikenan babu zancen zagayowa.

Amma maganar araha kam ba ta yiwu ba. Motar haya ce da duk sawu ɗaya sai an kai ta gareji an sauke inji an bi jikinta kaf, tayil ɗin da ke kare shi daga zafi kaɗai sun haura 20,000 kuma sai an duba su. Shekarar da aka fi tashi ita ce 1985, sau 9 kacal. A shekara 30 sawu 135 aka yi da kumbo biyar (Columbia, Challenger, Discovery, Atlantis da Endeavour), in ka raba kuɗin da aka kashe kowane sawu ya haura dala biliyan ɗaya.

Sai kuma rayuka, nan ne ni abun yake ci min rai. Ran 28 ga Janairu 1986 Challenger ya tarwatse daƙiƙa 73 da tashi, mutum 7 suka mutu har da malamar makaranta Christa McAuliffe. Wani zoben roba ne a jikin roka sanyi ya sa ya ƙandare, kuma injiniyoyi sun faɗa tun da dare ana gobe za a tashi cewa a dakata, manya suka ce a tashi. A 2003 kuma wani guntun soso ya ɓalle daga tanki ya daki fiffiken hagu na Columbia wajen tashi, aka ce ai an saba gani ba komai, ran 1 ga Fabrairu yana dawowa zafi ya shige ta ramin ya wargaje a saman Texas, wasu 7 ɗin. Duka biyun an san da matsalar wallahi, sabo ne kawai aka yi da ita.

Duk da haka ban yarda da masu cewa asarar kuɗi ne zalla ba. Discovery ne ya kai madubin hangen taurari na Hubble a 1990, sai aka tarar madubin da kuskure hotuna na fitowa dishi-dishi, a Disamba 1993 'yan sama jannati suka bi shi da Endeavour suka cafko shi da hannun ƙarfe suka gyara shi a can sama, sau 5 ana zuwa masa gyara har 2009. Babu wani kumbo a lokacin da zai iya wannan. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ma manyan sassanta shi ya yi ta dakonsu tun 1998. Af, Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya, Musulmi na farko da ya je sama, a Discovery ya tafi a Yunin 1985.

Atlantis ne ya rufe, ya sauka ran 21 ga Yuli 2011. Daga nan Amurka duk kurinta sai da ta koma sayen kujera a kumbon Soyuz na Rasha, kusan shekara 9 tana biya kafin ta sake tura mutum daga ƙasarta a Mayun 2020.