Ranar da na yi fushi na bar layi

Ƙannena, ku da kuke kai iyaye likita ko kuke zuwa don kanku, ku ji abin da zafin zuciya ya jawo mini.

Hawan jini gare ni. Duk wata nakan tashi daga Birni in je likita a auna ni, a sabunta mini ordinansi, wato takardar magani. Wata Litinin cikin Satumba na isa wajen ƙarfe goma, ko karne, wato ɗan littafina na likita, ban ɗauko ba. Duk ɗan Damagaram ya san wannan lokaci: ruwa ya kwanta a lunguna, sauro ya samu wuri, masassara ta kwantar da yara. Mata sun cika benci har ƙasa, wasu daga ƙauyukan Mirya da Magarya, kowace da goyo jiki zafi rau. Tun 2006 gwamnati ta ce a duba yaran da ba su kai shekara 5 ba kyauta, amma kyautar ma sai an rubuta ta: sunan yaro, shekarunsa, garinsu, duk da biro cikin babban rajista. Kuma mace ɗaya ce a tagar.

Saura mutum biyu a zo kaina sai ta miƙe ta yafuto wata mata daga can baya. Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Madam, mu ba mutane ba ne? Sai wanda kuka sani?" Ta ce, "Baba, yi haƙuri. Ina karnenka?" Na ce ban zo da shi ba, ai an san ni a nan. Ta ce to sai na jira a nemo takarduna. Na faɗa mata maganar da ba zan yarda wani ya faɗa wa ƴata ba, na kaɗe riga na fita. A bakin ƙofa na ga matar da aka shigar gabana, ɗanta yana jijjiga, idanu sun juye. Da idona na gani, amma girman kai ya hana ni komawa.

Wata huɗu ban sake taka wurin ba. Na koma sayen ƙwaya wurin masu yawo da ita a tire, maganin da rana ta gama dafawa. Wata rana in sha, wata rana in bari, tunda ba na jin komai. Haka hawan jini yake, ba ya sallama. Wata safiya bayan sallar asuba na tashi daga sahu sai jiri ya kwashe ni, gani ya dushe. Ɗana ya sa ni a adaidaita. Ita dai wannan baiwar Allah ce ta rubuta sunana, ta sa aka wuce da ni gaban mutanen da suka riga ni zuwa. Ba ta tayar da zancen ba. Har yau in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Ba na ce muku kowane ma'aikaci salihi ba ne. Akwai mai tsawa ba dalili, akwai sanayya, na gani kuma ya yi mini ciwo. In an wulaƙanta ku, ku nemi majoro, wato shugaban ma'aikatan jinya na wurin, ku faɗa masa abin da ya faru cikin natsuwa, da rana da lokaci. Amma kada ku bar wurin ba a duba ku ba, kuma kada ku janye tsohonku daga layi don an ɓata muku rai. Jikinsa ne zai biya.

Yanzu tun dare nake haɗa karne da tsohuwar ordinansi da kwalin maganin da nake sha cikin leda guda. Ina tanadin canji, don takardar jikka goma da sassafe rigima ce a wurin biya. Ina fita da an idar da sallah, da gorar ruwana. In na isa tagar sai na gaida ta, na tambaye ta aiki da gajiya kafin in miƙa takarda. Abin da ban gane ba nakan ce, "Don Allah maimaita mini." In an shigar da wani gabana, nakan fara duba abin da ke hannunsa.

Wata na gaba da fitowata na tsaya har layi ya ragu, na ce mata, "Ƴata, ki yafe mini maganar ran nan." Ta ce, "Ba komai, Baba, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ta buga tambari a karnena, ta kira na bayana.