"Ai Farfesa Ne!" Ba Ta Isa Hujja a Wikipedia Ba

Cikin duk gardamar da muke yi a Wikipedia kan wanda ya cancanci a buɗe masa shafi, ta malaman jami'a ce ta fi ba ni ciwon kai. Ɗan ƙwallo ko mawaƙi, jaridu sun riga sun gama maka aiki. Shi kuwa masani sai ya shafe shekara talatin yana bincike, babu ɗan jaridar da ya taɓa neman jin ta bakinsa. Shi ya sa Wikipedia ta Turanci ta ware wa malamai ƙa'idar shahara tasu daban, mai sharuɗɗa 8, kuma cika ɗaya ma ya wadatar muddin akwai madogara.

Sau da yawa wanda ya rubuta muƙalar ɗalibin malamin ne, kuma da an yi maganar goge ta sai ka ji ya ce, "Ai farfesa ne!" Ina ganin girman wannan kishi, amma farfesanci kaɗai ba ya cikin sharuɗɗan, haka ma shugabancin sashe ko na tsangaya. Abin da ake dubawa shi ne ko ya sami babbar lambar yabo, ko an zaɓe shi cikin ƙungiyar masana mai tsananin tantancewa irin Royal Society ta Birtaniya, ko ya shugabanci babbar jami'a, ko shi ne babban editan wata sananniyar mujallar ilimi. Waɗannan ba su da wuya, a minti biyar ka tabbatar.

Inda gizo ke saƙar shi ne sharaɗin farko: cewa bincikensa ya yi tasiri sosai a fanninsa. Nan kowa ke rugawa Google Scholar, manhajar neman takardun bincike, ya kwaso alƙalumma, musamman ma'aunin h da Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005. Idan an ce h ɗin mutum 20 ne, yana da takardun bincike 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20 a wasu takardun. Ni dai ba na yarda da lambar nan sai na san fannin. Abin da za a kira kaɗan a binciken magunguna, a tsantsar lissafi babban abu ne, domin masu lissafi ba su da yawan ambaton juna. A kimiyyar ƙwayoyin zarra kuma, akwai takardar da aka buga a 2015 mai marubuta fiye da 5,000. To, in sunan mutum na tsakiyar wannan jerin gwano, nawa ne rabonsa? Sai kuma masu ambaton kansu da kansu, wanda sai ka buɗe takardun ɗaya bayan ɗaya za ka gane. Masanin tarihi ko adabi kuwa, ba na ma ɓata lokaci a kan lambobi. Littattafansa nake bi, in ga ko mujallun ilimi sun yi sharhi a kansu, ko da suka ne.

Labarin Donna Strickland, wata masaniyar fiziks 'yar Kanada, ne ya sa nake taka-tsantsan. A watan Mayun 2018 aka ƙi karɓar daftarin shafinta, wai madogaran ba su nuna shahararta ba. A watan Oktoba na shekarar ta sami kyautar Nobel a fannin fiziks, mace ta uku da ta same ta a wannan fanni bayan Marie Curie da Maria Goeppert Mayer. Lokacin ko cikakkiyar farfesa ba ta zama ba a Jami'ar Waterloo ta Kanada. A ganina laifin ba na ƙa'idar ba ne: aikin da suka yi da malaminta Gérard Mourou kan hasken leza tun 1985 an ambace shi ba adadi, kuma ta shugabanci ƙungiyar Optical Society a 2013. An dai auna ta da ma'aunin jarida ne, alhali nata ma'aunin na nan.

Saboda haka in na ci karo da muƙalar malami mai ƙaramin muƙami, ba na saurin cewa a goge. In kuma na ga wadda aka cika da jerin taruka da kwamitoci da takardun shaida, kamar takardar neman aiki, sai in rubuta wa mai ita cewa ya rage su, ya kawo mini wurare biyu ko uku inda wasu masana, waɗanda ba abokan aikin malamin ba ne kuma ba ɗalibansa ba, suka tattauna abin da ya gano.