Tun wankan farko

Talata. Zagaye na huɗu cikin takwas na kemon Umma, wato maganin ƙarin da ke cikin hanjinta.

Da ƙarfina na tashi yau, har ƙosai na soya kafin mu fita, ko da yake biyu kawai Umma ta iya ci. 'Yata Ummi ta gano takalmin makarantar nan da muka kwana biyu muna nema, ashe yana bayan injin wanki. Jinin da aka ɗiba jiya ya yi kyau, aka ce a ci gaba da kemo. Alhamdulillahi. Wancan karon dawo da mu aka yi, sai da aka ɗaga mako guda.

Wajen sha ɗaya aka sa wa Umma ƙarin ruwan, awa biyu yake ɗauka. Na miƙa mata safar hannu da mayafi mai kauri, don shi wannan oxaliplatin, maganin da ke cikin ruwan, ba ya ga maciji da sanyi. Ta taɓa cokali mai sanyi sai ta ji kamar lantarki ya ja ta, ruwan firij kuwa maƙogwaro yake shaƙe mata. Tun zagaye na biyu yatsun ƙafarta suka fara, ta ce kamar kiyashi ke yawo a ciki.

Muna nan zaune sai ga wata dattijuwar baturiya, 'yar sa kai, da katin asibiti rataye a wuya. Ta ce reiki take yi wa marasa lafiya, kyauta, rabin awa, in mutum yana so. Na san sunan. A Japan abin ya samo asali, wajen wani Mikao Usui da ya fara koyar da shi a 1922, bayan ya yi zaman kaɗaici a dutsen Kurama kusa da Kyoto, daga baya wata mata, Hawayo Takata, ta kai shi Hawai, ya bazu a Amurka har ya iso mana nan Ingila. Masu yi suna cewa akwai wani ƙarfi na rayuwa da ke ratsa hannunsu ya shiga jikin wanda suka dafa. Ni ban yarda da wannan ba, kuma har na buɗe baki zan ce mata mun gode.

Umma ta ce, "Me take cewa?"

Na fassara mata, ban rage komai ba, har da zancen Japan ɗin. Ta yi shiru tana kallon matar. Ta ce in tambaye ta ko akwai abin sha. Babu. Ko za ta ambaci wani abin bauta. Matar ta ce a'a, shiru take yi. Sai ni ma na ƙara tawa tambayar, ido cikin ido: wannan abin yana rage ƙarin da ke cikin hanji? Ba ta yi wata kwana-kwana ba. Ta ce ba ya ragewa, aikin abin da ke ɗiga a jakar can ne, kuma ita ba ta taɓa ce wa kowa ya bar maganin likita ko ya rage ba. Abin da mutane ke gaya mata shi ne hankalinsu yana kwanciya. Wannan amsar ce ta sa na sassauto. Na sha ganin masu tallar waraka a Facebook da in ka yi musu irin wannan tambayar sai su hau zagin likitoci.

Umma ta ce, "Ki ce mata ta zo. Ita ta yi shirunta, ni in yi addu'ata."

Matar ta murza tafukanta sai da suka ɗau ɗumi, sannan ta dafa kafaɗun Umma. Ta daɗe a nan. Ta dawo gwiwa, daga ƙarshe ta ja ƙaramar kujera ta zauna, ta tallabo ƙafafun biyu ta cikin safa, ta riƙe. Ba tausa ba, riƙo kawai. Leɓen Umma na motsi, na gane Falaƙi da Nasi take maimaitawa. Can sai carbin ya tsaya a hannunta. Barci. Umman da wata uku ke nan ba ta taɓa runtsawa a kujerar nan ba, kullum idonta na kan jakar ruwan tana lissafin saura nawa.

Tana barcin na fita na kira Auta, don na san gara ya ji daga bakina. Ai kuwa ya hau sama. "Yaya, kina zaune aka yi wa Umma tsafin Japanawa?" Na ce masa ya bi a hankali. Ya ce a mataki na biyu na koyon abin har wasu alamomi suke zanawa, kuma gaskiyarsa ce, akwai su, ni ma abin ya tsaya min a rai. Mun rabu a kan zan kai wa Malam maganar ranar Asabar bayan karatu, kafin zagaye na biyar. Na kuma ba shi labarin yarinyar nan Emily Rosa ta Amurka, don ya san ba wai an saye ni ba ne. Tana da shekara 9, sa'ar Ummi, ta gwada masu wata hanya 'yar'uwar reiki da wasu nas-nas ke yi a can, su 21. Ta kafa kwali, su zuro hannuwa biyu ta ƙasa ba sa ganinta, ita kuma ta ɗora nata a saman ɗaya ba tare da ta taɓa ba, su faɗi wanne ne. Cikin gwaji 280 sau 123 suka dace, kashi 44 cikin ɗari, bai ma kai rabin da mai canki-canka zai samu ba. A 1998 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga aikin. Auta ya ce to me ya sa na bari? Na ce don Umma ce ta ce a bari, kuma ga ta can tana barci.

Duk wannan ba shi ne ya hana ni sukuni ba.

A mota ne. Ƙarfe huɗu har an yi magariba, na rufe mata baki da hanci da mayafi saboda iska, na kunna na'urar ɗumama mota. Mun yi nisa ba wanda ya ce uffan. Sai ta ce, tana kallon taga, "Baiwar Allahn nan hannunta da ɗumi." Na ce haka ne. Ta ƙara yin shiru, sannan ta ce, "Rabon da wani ya riƙe min ƙafa haka, tun Hajiya na da rai. Tun wankan farko."

Wankan farko nawa ne. Haihuwata take nufi, lokacin da ta koma gida Katsina jego. Umma ba ta taɓa faɗin sunana ba, ni 'yar fari ce, "ke" ce ni, ko "uwar su Ummi" in da baƙi. A ɗakin Hajiya na tashi. Ban taɓa jin haushin wannan kunyar ba, haka muka taso muka gani, kuma na san irin son da ke ƙarƙashinta. Amma sai na hau lissafi ina tuƙi. Wata uku ina kanta dare da rana. Ni ke ɓallo ƙwayoyin capecitabine safe da yamma, in tabbatar ta ci abinci kafin ta sha, kwana 14 a huta bakwai. Ni ke riƙe da ma'aunin zafi da lambar da za a kira in zazzaɓi ya taso. Ni ke rubuta sau nawa ta zaga. A duk kwanakin nan miƙa mata nake yi: ga kofi, ga safa, ga magani. Ko man da nas ta ce a riƙa shafa mata a tafin hannu da na ƙafa don kada fatar ta tsage, ajiye mata nake yi a gefen gado in fita. Sai da wata baƙuwa da ba ta jin ko "sannu" ta zo ta riƙe ƙafar mahaifiyata rabin awa, ni ina gefe ina yi mata tambayoyi kamar lauya.

A gaban jan fitila hawaye ya zubo min. Na ce iskar na'urar ce. Ba ta juyo ba.

Tuwon shinkafa da miyar kuka, ta ci loma shida. Abban su Ummi yana aikin dare. Ban duba aikin gidan yara ba.

Bayan isha na ɗauko man kaɗen da Goggo ta aiko, na lakato, na murza shi a tafina har ya narke ya yi ɗumi. Na shiga na zauna a ƙasa gaban gadonta. Da na kai hannu sai ta janye ƙafar, ta ce, "Ke, mene ne haka? Tashi." Na ce nas ce ta ce a shafa. Ta ce ai tana shafawa. Ban tashi ba. Mun fi minti guda a haka, ni kaina a sunkuye, sannan ta miƙo ta dama a hankali, ta kau da kai wajen bango.

Ƙafar ta rame. Dunduniyar ta yi ja, fatar babban yatsa ta fara salewa, kuma ban san da haka ba sai yau. Gobe da safe zan kira nas in gaya mata kafin a sha ƙwayar safe. Na shafa a hankali, ina karanta addu'ar nan da Manzon Allah (SAW) ya koya wa Usman ɗan Abil Asi, cewa mutum ya ɗora hannu inda ke masa ciwo, Bismillahi sau uku, neman tsari sau bakwai. A na huɗu na ji ta kama, muka ƙarasa tare.

Ta hagun ba ta ba ni ba. Ta ce dare ya yi, in je in kwanta. Har na kai bakin ƙofa ta ce, "Ki bar man a nan. Gobe da ta hagu za a fara."